Kakana, Wanda Ya Riƙe Gamzaki Har Rana Tsaka

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a tattara mu, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ni kam ban shirya ba. Ina tsakar gida a Boɗinga ina tankaɗe, sai maigidana ya dawo daga rumfar ɗinki tun kasuwa ba ta watse ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Ya ce wani falken albasa ya zo daga Shagari da labari: tsawa ta faɗa wa kakana jiya da la'asar a gona, har an rufe shi da safe. Na ce masa ƙarya ne. Ban taɓa ƙaryata mijina ba sai ran nan. Ya fita ya aro jaki, na saɓa goyona muka kama hanya.

Ƙauyenmu gab da Shagari yake, kuma tun daga bakin gari na san wannan makokin ba irin wanda na saba gani ba ne. Mutuwar tsoho a wurinmu ba abin firgita ba ce. Jikoki har wasa suke yi, su kwaikwayi tafiyar mamacin, su ce a fito musu da gadon hula. Wannan karon ba jikan da ya buɗe baki. Gida cike da mutane, amma ana magana ƙasa-ƙasa kamar akwai mai barci. A zaure na wuce wani mahauci daga kasuwar Shagari, ƙato, ya rufe fuska da hannun riga yana ta kuka, an rasa mai ba shi baki.

Mata suna shigowa su durƙusa su ce Allah shi jiƙan shi, Allah shi ba ku haƙuri, sannan su koma gefe su haɗa kai. Kunnena ya jiyo wata tana cewa ai tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, mutum ya ƙare rayuwarsa yana leƙen sama, to ga shi sama ta leƙo shi. Wata kuma ta ce a'a, ai ya san ranarsa, ya gan ta a taurari tun bara, ya ɓoye ne kawai. Da ba don idon mahaifiyata yana kaina ba, da na tashi na nuna wa su biyun ƙofa. Ban san wadda ta fi ɓata mini rai a cikinsu ba.

Amma ba maganarsu ce ta hana ni sukuni ba. A wurinmu in tsawa ta faɗa wa mutum, ba a taɓa shi sai an yayyafa masa madarar shanu sabuwar tatsa, wai wutar tana nan kwance a jikinsa, duk wanda ya kai hannu za ta kama shi. Ranar kuwa shanu suna daji kiwo. Sai da wani ya ruga har rugar Fulani ta wajen hanyar Kajiji, aka nemo garke, aka tatso, ya dawo. Wannan ba tafiyar nan da nan ba ce. Tambayar da ta dame ni ita ce: tsakanin faɗuwar tsawar da isowar madarar, kakana yana da rai ko ba shi da shi?

Na tambayi mahaifina, wanda shi ne babban ɗansa, kuma suna gonar tare. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Nan take na, ɗiyata. Ko shurawa bai yi ba." Na tambayi ƙanensa, ya ce nan take. Na tambayi maƙwabcinmu, ya ce nan take. Kalma ɗaya a bakin kowa, kuma kowa yana fito da ita tun ban rufe baki ba.

Mutum ɗaya ce ta taɓa kakana kafin madara ta iso, wato Inna, matar wansa marigayi, tsohuwar da ba ta tafiya sai da sanda. Tana can ɗakinta a ƙuryar gida, ba mai shiga, ba mai karɓar ko ruwa daga hannunta, ana jira a ga abin da zai same ta. Na tashi zan je, mahaifiyata ta riƙe mini zane, ta ce in ban ji tsoron kaina ba in ji tausayin abin da ke bayana. Na koma na zauna. A zaman nan ne na yi ta tuna shi, ga kuma abin da nake so a sani game da shi kafin bakin mutane ya gama sake masa kama.

Kakana manomin albasa ne, ba malami ba, ba boka ba. A fadama yake da jigo, wannan doguwar sandar da ake rataya wa guga a ɗebo ruwan ban ruwa, shi ya sa gari duka ake ce masa Mai-jigo. Mai ban ruwa kuwa da assalatu yake fita, lokacin da gamzaki ke haskawa a gabas. Kowa ya san in gari ya waye gamzaki ya tafi. Shi sai ya ce ya tafi ina? Taurin kai ne da shi na bugawa a tambari, don haka ya ƙudura sai ya ga tafiyar da idonsa. Ya riƙa tsayawa inda kan sandar jigo zai daidaita da tauraron, ya kafa masa ido, gari yana wayewa shi bai sake shi ba. In ya ƙifta ya ɓace masa, gobe ya sake. Sannu a hankali ya riƙe shi har fitowar rana, sannan har hantsi, daga baya har rana ta take tsaka. Wani ɗan ɗigo ne fari a cikin shuɗin sama, wanda in ba ka san wurinsa ba, sai ka yini kana dubawa ba ka gan shi ba.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ta sha baƙin ciki da wannan hali. Ya kan bar ruwa ya malale fangalin albasa yana can kansa a sama. Ya taɓa taka bakin rijiyar fadama ya zurma har ƙugu, ya dawo gida jiƙe sharkaf yana ba da labarin abin da ya gani, ba na faɗuwar ba. Ni kuwa da yake jikarsa ce ta fari, amaryata yake ce mini, ni kuma in ce masa ba na auren mijin da wuyansa ya ƙage a sama. Sai ya yi dariya ya ce in bari kawai, in ya mutu zan ga irin mazan da suka rage, masu kallon yatsun ƙafarsu.

Abin da ya fitar da sunansa ya faru ne lokacin babban yaƙin Turawa. Shekarun nan hankalin kowa a tashe yake. Ana ɗibar samari soja, kuma ana ta raɗe-raɗin cewa Faransawan da ke bayan iyaka ta arewa sun ɓata da Nasaran da ke mulkinmu, ko yaushe jirginsu zai iya zuwa. Wata ranar kasuwar Shagari, rana tsaka, wani ya ɗaga kai ya hango ɗigon nan fari kusa da wani siririn wata. Ya nuna wa na kusa da shi, na kusa ya nuna wa na gaba. Kafin ka ce kwabo an ce jirgin Faransa ne ya tsaya cik yana ƙirga mutane. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Masu nono suka zubar da ƙwarya, jakuna suka tsinke, mahaucin nan da na gani yana kuka a zaure ya bar nama a kan faifai ya shige ƙarƙashin rumfa. Lokacin ban yi aure ba, ina wurin da tallan gyaɗa, ni ma ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Kakana kaɗai ya rage zaune a kan buhun albasarsa. Da aka fara leƙowa, ya ɗaga murya ya ce, "Wanga ba jirgin kowa ba na. Gamzaki na. Kullum nan shike bisa kanku, ku na ba ku ɗaga kai. Duk mai shakka shi ishe ni hwadama gobe da assalatu."

Aka ce tsoho ya zautu, wa ya taɓa ganin tauraro da rana. Amma da asuba wasu suka je, rabi don gani, rabi don su samu abin dariya. Bai yi musu dogon bayani ba. Ya jera su bayan jigo, ya ce kowa ya kama gamzaki da idonsa kada ya sake shi, in rana ta fito su matsa inuwa don kada ta cutar musu da ido. Suka tsaya har hantsi ya dubi ludayi, wuya ya yi tsami, ido yana hawaye, tauraro kuwa yana nan inda suka riƙe shi. Gani ya kori ji. Mahaucin ya dawo gari yana rantsuwa cewa shi da idonsa ya raka gamzaki daga duhu zuwa rana.

Daga nan abin ya zama wasan gari. A Shagari za ka ga manyan mutane sun raɓe a inuwar bango suna gasar wanda zai riga gano shi. Fatake suka kai abin Boɗinga, har da na yi aure na tarar teloli a can suna ajiye allura su fito su yi ta nuni da yatsa. Mutanen da da suke cewa taurari komawa gida suke yi da safe suka koma cewa suna nan, hasken rana ne ya rufe su. Lokacin da wata tauraruwa ta yi ta haskawa kusa da wata a wata shekara, ba wanda ya ce sarki zai mutu. Aika wa Mai-jigo aka yi a tambaye shi wace ce.

Ya kuma lura cewa lokacin da gamzaki ke fitowa da asuba, ba a ganin zara da magariba, in zara ta dawo kuma gamzaki ya ɓace. Ya yanke cewa abu ɗaya ne mai gida biyu. Ya ɗauki wannan magana da ƙafarsa ya kai wa limamin gari, yana ji da kansa. Liman ya saurare shi har ƙarshe, ya ce gaskiya ne, a littattafai Zuhura ake ce mata, malamai sun san haka tun zamanin da. Kakana ya dawo gida jikinsa a sanyaye, ya ce ashe an riga shi. Washegari kuma sai ga shi yana murna, wai da shi da malaman da, hanya daban-daban suka bi suka haɗu a wuri ɗaya, kuma shi ko tawada bai ɓata ba.

Ba taurari kaɗai yake kallo ba. Ni mai tsoron tsawa ce tun ina ƙarama. Wata rana ya nuna mini wasu mata suna daka can tsallaken fadama, ya ce in lura da taɓarya. Na ga ta sauka a turmi, sai ta sake ɗagawa sannan ƙarar ta iso kunnena. Ya ce haka walƙiya da tsawa suke, abu ɗaya ne, ido ne ke riga kunne. Wadda kika ji ƙararta, amaryata, ta riga ta wuce ki. Wannan magana ta zaga gari, iyaye suna lallashin 'ya'yansu da ita in hadari ya taso, wasu ma ba su san daga bakin wa ta fito ba.

Sai dai sunan da ya yi ya jawo masa abin da bai nema ba. Mutane suka ce wanda ya san inda tauraro zai tsaya gobe, ai ya san gobe. Aka fara zuwa masa da goro a asirce, wannan an sace masa akuya, wancan yana son ranar da zai ɗaura aure. Ya kan mayar musu da goronsu, ya ce shi wuri ya sani, bai san rabo ba. A nan ne ya ɓata da Inna.

Da ma tsakaninsu wasa ne, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanen miji. Ita ce mai ce masa rago, shi kuma ya ce tuwonta ya fi dutse tauri. Amma autanta yana cikin waɗanda aka ɗiba soja, kuma tun da ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wata rana da yamma ta zo ta zauna a gabansa, ba wasa a fuskarta, ta ce ya duba mata. Ya ce bai iya ba. Ta ce, "Kai da kas san inda tauraro za shi kwana, ba ka san inda ɗanka yak kwana ba?"

Ya ce, "Yaya, tauraro hanya guda garai, ba shi sake ta. Ɗan Adam ko sai Wanda yay yi shi. In nic ce miki na sani, ƙarya niy yi miki, kuma ke ta za ki kwana da ita."

Ta ce ko ƙaryar ce ya yi mata, tana so. Ya ƙi. Ina wurin, kuma in faɗi gaskiya na ga kamar ya yi tsauri, don kalma ɗaya mai daɗi ba za ta rage shi da komai ba. Ta tashi ta kaɗe zanenta, daga ranar ba ta sake yi masa magana ba, ko gaisuwar Salla. Yaƙi ya ƙare, wasu suka dawo da kaki da labarai, autanta bai dawo ba, kuma ba wanda ya zo ya ce ya ga kabarinsa. Shi kuwa kakana duk damina sai ya fara nome gonarta kafin tasa, ya yanke mata gero, ya ɗaure, ya zuba mata a rumbu. Ba ta ce an gode ba, shi ma bai taɓa tsayawa jira ba. Haka suka yi shekaru a gida ɗaya.

Wannan ita ce matar da ta taɓa shi. Na kwana biyu ina kallon ƙofar ɗakinta. Ranar da aka yi sadaka, bayan azahar mata suka shagala da rabon gumba, na kwance goyona na ɗora wa mahaifiyata a cinya, na ratsa tsakar gida. Na ji an yi shiru a bayana, ban waiwaya ba.

Na same ta zaune a kan tabarma, lafiyarta lau, sai dai ta ƙara tsufa. Na durƙusa na kama hannunta na yi mata gaisuwa. Ta dubi hannun nawa a kan nata, ta daɗe tana dubansa. Sannan na ce, "Inna, don girman Allah ki gaya min. Da kinka isa, shina da rai?"

Ta ce, "Sun ce miki nan take na, ko?"

Na ce haka kowa ya ce.

Ta ce, "Da rai nai. Idonai buɗe."

Ban yi kuka ba. Ta ci gaba da ba ni labari a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ranar shuka ake yi, bayan ruwan farko. Hadari ya sake haɗowa da la'asar, maza suka ruga gindin babbar tsamiyar da ke bakin gona suka fake, shi kuwa ya saɓa sungumi ya nufo gida ta tsakiyar fili. A nan tsawa ta same shi. Ita tana gida ta ji ƙarar, sannan ta ji kururuwar mata, ta ɗauki sandarta. Kafin ƙafar tsohuwa ta kai gona an daɗe. Ta tarar da maza cike da gindin tsamiya, ana ta salati, ruwa yana zuba, shi kuma yana kwance shi kaɗai a tsakanin kunyoyin gona, rigarsa ta ƙone a kafaɗa, ruwa yana dukan fuskarsa. Wani ya riƙe ta ya ce madara tana hanya, ta make masa hannu da sanda. Ta ce mini, me ya rage gare ta da tsawa za ta ɗauka? Ta zauna cikin taɓo, ta ɗora kansa a cinyarta, ta kare masa ruwa da mayafi.

Na ce, "Baba shina cikinsu?"

Ta ce, "Shi na gaba. Shina kuka, shina kai ƙahwa shina maidowa."

Na tambaye ta ko kakana ya gan su. Ta ce ya gan su sarai, don ya juya ido yana binsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ya jera a bayan jigo, da waɗanda ya haifa. Sai ta ga bakinsa yana motsi. Ta kai kunne, tana tsammanin zai yi ƙorafi, ko ya tambayi me suke jira, ko ya tuna mata da shekarun da ta yi ba ta gaishe shi ba. Da ƙyar maganar ta fito. Ya ce, "Yaya, gaya musu su tashi gindin iccen ga. Hadarin bai wuce ba, tsawa ko dogon icce taka so."

Bayan wannan ta laƙƙana masa kalmar shahada, ya amsa, ya cika. Madara ta iso bayan jikinsa ya yi sanyi.

Na ce, "Kin gaya musu?"

Ta ce, "Na gaya musu."

"Sun tashi?"

"Sun tashi. Wanga karon sun ji maganatai. Sunka hito hili sunka tsaya cikin ruwa, amma ba wanda yam matso."

Allah ya jiƙan kakana, ya yalwata masa makwanci, ya sa haske a inda yake. Inna kuma Allah ya saka mata, don ita ta tare mana abin kunyar da ya fi wannan. Su kuwa da suka tsaya, har da mahaifina, har yau ina koyon yadda zan yi musu addu'a.